Kwana huɗu a gidan da ake ja da mota, gefen gandun Pembrey

Wani abokin aikina ne Bature, dattijo da ya kusa ritaya, ya jefa ni cikin wannan abun. Duk ranar Litinin sai ya zo ofis fuska ta yi ja yana bani labarin inda suka kai karaban ɗinsu shi da matarsa, ni kuma ina ta cewa kai madalla, wataran nima sai na gwada, irin maganar fatar baki dai da muke yi. Ashe shi ya riƙe. Da hutun makaranta na ƙarshen Mayu ya matso sai kawai yace to motarka ai naga tana da ƙugiyar ja a baya, zo ka ɗauki karaban ɗin ku tafi da yara, mu wannan satin bama zuwa ko'ina. Wallahi sai da na ji kunyar cewa a'a.

Ga wanda bai sani ba, karaban ɗaki ne a kan taya biyu, ciki akwai kujeru da ake mayarwa gado da dare, ɗan kicin, firij, da banɗaki da in ka shiga ka juya sai gwiwar hannunka ta bugi bango. Kana maƙala shi a bayan mota ka ja shi zuwa wani fili da aka tanada, ka biya kuɗin kwana, a baka wurinka. Da na faɗa wa maman yara shiru tayi, can tace wato mu bar gida mai ɗaki uku da hita mu je mu kwana a tirela, kuma mu biya? Nace hutu ne. Tace to Allah ya sa hutun ne.

Wurin da abokin nawa ya zaɓa mana yana kudancin Wales a nan Birtaniya, gaba da garin Llanelli kaɗan, wani filin karaban da ke jingine da gandun shaƙatawa na Pembrey. Ta intanet na kama wuri, kuma tun a nan tambayoyi suka fara: tsawon karaban ɗin mita nawa, zaku kafa rumfa ko a'a, ciyawa kuke so ko tsakuwa, akwai kare? Na zaɓi tsakuwa don yace min ruwan Wales baya sallama, in ka sauka a ciyawa aka kwana ana ruwa, ranar tafiya taya zata yi ta juyawa a caɓi kana kallo.

Maganar lasisi ita na fi tsoro, na zaci sai an yi wata jarrabawa. Ashe tun 16 ga Disamba 2021 an sauƙaƙa, mai lasisin ƙaramar mota na nan ƙasar zai iya jan tirela har mai nauyin kilo 3,500 ba tare da ƙarin gwaji ba. Amma wannan doka ce kawai, motarka ma tana da nata iyakar da kamfani ya rubuta, sannan masu harkar suna ba sabon shiga shawara kar nauyin karaban da kayan ciki ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar. Muka zauna da takardu muka buga lissafi, ta shiga da ƙyar. Sai lamba, dole lambar da ke bayan karaban ta zama irin ta motar da ke ja, don haka sai da na je aka buga min wata. Sai madubai na ƙari da ake ɗaurawa a kan na gefe, motar ta koma kamar mai kunnen zomo.

Ranar Lahadi kafin tafiya ya kai ni wani filin ajiye motoci da babu kowa wai in koyi ribas. Jama'a. Shekara nawa ina tuƙi, na yi tuƙi a Kano lokacin 'yan acaɓa, amma ranar na koma ɗan koyo. In kana so bayan karaban ya tafi hagu sai ka fara murza sitiyari dama, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙi yarda, kafin ka ankara abun ya naɗe ya zo yana neman sumbatar gefen motar. Dattijon nan yana tsaye da kofin shayi yana cewa a hankali, sake, a hankali. Mun fi awa ɗaya. A ƙarshe ya nuna min wani ɗan rimot, ashe akwai inji a jikin tayoyin da ke tuƙa karaban ɗin shi kaɗai in an cire shi daga mota. Nace haba, shine tun ɗazu ka bar ni ina zufa? Yace batir yana mutuwa wataran.

Shirin kaya kuwa rigima ce tsakanina da uwargida. Ni an ce min kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya daidai kan taya, kar a tara su a can baya don shine ke sa karaban ya dinga wutsiya a kan hanya. Ita kuma ta haɗo buhun shinkafa ƙarami, garin semo, jarkar mai, tukwane uku, kuka, daddawa, yaji, kaji da naman rago da muka sayo a shagon halal muka daskarar, don mun san can ba lallai mu samu kusa ba, kuma gaskiyarta ce. Rabin kayan sai but ɗin mota suka koma. Buta biyu, darduma, wannan kam ba a yi musu a kansu ba.

Maƙalawa tana da tsari kuma na rubuta a takarda don kar in manta: a ɗaga ƙafafun nan huɗu na kusurwa, a kashe tukunyar gas, a rufe tagogi da ta rufi, a saukar da bakin karaban kan ƙwallon ƙugiya har ka ji ya ce ƙas, a maƙala wata siririyar waya da zata ja birkin karaban in ya tsinke daga mota, a jona filogin fitilu, a ɗage ƙaramar tayar gaba, a saki birkin hannu. Na sa babban yarona ya tsaya a baya ina taka birki ina kunna sigina yana ihu tayi Abba, tayi.

Daga Bristol muka tashi, muka hau babbar hanyar M4 muka tsallaka doguwar gadar nan ta kan kogin Severn, wadda da ana biyan kuɗi amma an daina tun Disambar 2018. A kan gadar na fara sanin iska tana da hannu. Duk babbar motar da ta wuce mu sai in ji kamar an janyo mu an sake, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf. Mai jan tirela baya wuce gudun mil 60 a awa a babbar hanya, mil 50 a ƙaramar hanya mai layi ɗaya, kuma haramun ne ya shiga layin ƙarshe na dama in hanyar mai layi uku ce. Ni ko 55 ban cika kaiwa ba. Muka wuce Newport, Cardiff, muka wuce Port Talbot da tulin ƙarafunan masana'antarta a gefen teku, muka sauka a mahaɗa ta 48 muka nufi Llanelli. Cikin garuruwan Wales kuma tun Satumbar 2023 yawanci mil 20 ne, wanda ya yi min daidai, karon farko da na ji daɗin wannan dokar. Auta tana ta karanta rubutun kan titi, ARAF, ARAF, tana tambaya wane ne Araf. A hankali kenan da yarensu, komai a can sau biyu ake rubutawa, da Welsh da Turanci.

Ba a shiga filin kafin ƙarfe ɗaya na rana, mun iso biyu saura. Wata mata a ofis ta duba sunana, ta bani taswira da katin buɗe shinge da lambar ƙofar banɗakuna, ta karanto dokoki: gudu mil 5, hanya ɗaya ce a bi kibiya, ba hayaniya in dare yayi, abun gashi kar ya taɓa ciyawa. Sannan tace kowane wuri akwai ɗan farin turke, ka saita kusurwar bayan karaban da shi daidai, saboda dole a bar tazarar mita 6 tsakaninka da maƙwabci don gobara. Turken nan sunansa da Turanci shine asalin fegi ɗin da muke cewa a gida in an yanka fili, sai a ranar abun ya faɗo min, nayi ta dariya ni kaɗai matar tana kallona. Na zo Wales an yanka min fegi.

Shiga fegin kuwa, hmm. Wurin shiru, tsofaffi zaune a kujerun naɗewa gaban karaban ɗinsu da jarida, kowa yana yi kamar ba kallonka yake ba alhali kai ne talabijin ɗin ranar. Na gwada ribas sau ɗaya, sau biyu, maman yara tana baya tana min alama da hannu wadda ni da ita bamu taɓa yarjejeniya a kan ma'anarta ba, tana cewa taho taho, ina cewa ta ina? A na uku na sauka na cire shi na ɗauko rimot. Wani tsoho daga fegin gefe ya taso yace shekararsa talatin yana wannan harka kuma shima rimot yake amfani da shi yanzu. Ko don ya kwantar min da hankali ya faɗa, Allah ya saka masa.

Daga nan aiki ya fara, kuma nan ne nake so duk mai sha'awar abun ya buɗe kunne, don hotunan da ake sakawa na mutum da kofi a bakin ƙofa basa nuna wannan ɓangaren. Farko daidaitawa: ka ɗora ma'aunin nan na magina mai ɗigon iska a ƙasan ɗakin, in gefe ɗaya ya yi ƙasa ka tura tayar kan wani ɗan tudun roba, gaba da baya kuma ka gyara da ƙaramar tayar gaba, sannan ka sauke ƙafafu huɗu. In baka daidaita ba firij ɗin ba zai yi sanyi yadda ya kamata ba, ruwa ba zai sauka a sink ba, kai kanka da dare zaka ji kana gangarowa kan matarka. Sai wuta, wata doguwar waya ruwan lemo mita 25, ka warware ta duka don in ka bar ta a naɗe tana ɗaukar zafi, ka fara jonawa a karaban sannan a turken wuta. Sai ruwa. Babu famfo a fegin namu. Akwai wata ganga mai cin lita 40 da ake garawa a ƙasa da mariƙi kamar kana jan akwati, ka je famfo ka cika ka garo ta, ka jefa ɗan famfon lantarki a ciki, shine ruwan wanka, wanke-wanke, alwala, komai. Wata gangar kuma a ƙarƙashi tana tarar ruwan da aka yi amfani da shi, in ta cika ka ja ta ka je ka zubar.

Na tsaya ina kallon yarona ɗan shekara 11, wanda a gida in ka ce ya ɗauko maka ruwa a firij sai ya yi tsaki a ciki, yana garo ganga yana washe baki yana roƙon a bar shi ya sake zuwa. Nace wa uwarsa kinga ɗanki ya zama ɗan ga-ruwa. Tace ai kai ka kawo mu. Ni da na taso ina jan guga kafin in tafi makaranta, na yi karatu na tsallako teku don in huta da wannan, yau gani na biya fam na dawo layin famfo, bayan wani Bature da aka ce min tsohon likita ne, shima da gangarsa.

Rumfa ce ta kusa haɗa mu faɗa na gaske. Wani ƙaton tanti ne da ake zura bakinsa a wata kwata a jikin karaban a ja shi har ƙarshe, sannan sanduna, sannan turaku a cikin tsakuwa da guduma, ga iska daga teku tana ɗaga shi kamar zai tafi da auta. Tsohon gefenmu yace su a harkar suna kiranta saki a cikin jaka, saboda auren da ta kashe. Awa ɗaya da rabi. Amma ba don ita ba da ban san inda zamu sa takalma da rigunan ruwa da tukwanen nan uku ba, kuma a cikinta muka dinga sallah, don cikin karaban babu inda mutum zai yi sujada sai dai ya buga goshi a firij. Alƙibla na duba a waya, kudu maso gabas, na sa dutse a wurin.

Daren farko muka kashe wuta. Uwargida ta taho da butar lantarkinmu ta gida, irin mai cin wat 3,000, ga hita a kunne don da yamma sanyi ya sauko, tana dannawa sai ɗif. Auta da aka haifa a nan bata taɓa ganin an ɗauke wuta ba, ta fashe da kuka, mu kuma manya muka fashe da dariya. Turken da aka bamu amp 10 ne, wato wajen wat 2,300 gaba ɗaya, butar ita kaɗai ta fi ƙarfinsa. Na fita da tocilan na ɗaga makunnin da ya faɗi. Daga ranar ruwan shayi a kan gas, kuma kafin a kunna wani abu sai an tambaya me ke kunne. Wannan ma ba baƙon abu bane a wurinmu, duk wanda ya taɓa zama da ƙaramin janareto ya san lissafin.

Sai kuma abun da ba a so a faɗa. Masan cikin karaban ba rami gare shi ba, wata 'yar tanki ce a ƙasa da ake zarowa ta wata ƙofa a waje, ana zuba mata wani shuɗin magani da ke kashe wari. Abokina yace su biyu tana kai musu kwana uku. To su da takarda suke yi. Mu masu buta, mutum huɗu, kafin azahar ɗin washegari jar fitila ta kama. Na zaro ta na ja ta kamar ɗan akwatin matafiya har wurin da aka ware don zubarwa, ka buɗe bututu, ka danna wani maɓalli da ke shigar da iska don kar ta yi maka tsartuwa, ka tuntsurar, ka ɗauraye sau uku. Na manta maɓallin a karon farko. Ba zan ƙara komai a kai ba. Daga nan na kafa doka, da rana kowa ya tafi banɗakunan filin, wanda tsakani da Allah tsaf suke, ga ruwan zafi, sai dai babu famfo a cikin masan, don haka kullum zaka ganmu muna tsallaka fili da buta a hannu. Wata tsohuwa ta tambayi maman yara wai furanni muka taho da su?

Amma fa gandun, kai. Daga fegi zuwa cikinsa tafiyar ƙafa ce, shine duk amfanin sauka a wurin, mota ta kwana huɗu bata motsa ba sai sau ɗaya. Eka 500 ne na daji da fili, yawanci dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura da aka shuka a kan yashi, ga hanyoyin keke ta ko'ina. In kana yawo zaka dinga cin karo da wasu gine-ginen kankare da ƙasa ta rufe, kamar bakin rami, ciyawa ta fito a kansu. Ashe wurin da masana'antar abubuwan fashewa ce ta gwamnati, a nan aka dinga haɗa TNT lokacin yaƙin duniya, an zaɓe shi ne don tuddan yashin su tare in wani abu ya tashi, sai a shekarun 1960 aka rufe. Yanzu yara ne ke ɓuya a ciki. Akwai tudun da ake sulun kankara ba tare da kankara ba, a kan wata irin tabarma, akwai wani kwararon ƙarfe da kake zama a ɗan keke ka gangaro da gudu, wanda na hau don in raka auta na ƙare ni ke salati ita tana cewa Abba saki birkin.

In ka haura tuddan yashi sai bakin teku, Cefn Sidan, mil 8 na yashi a shimfiɗe. Mun je da safe ruwa ya janye, wallahi sai da muka tambaya ina tekun, can nesa kamar zare. Kana hango yankin Gower a ɗaya ɓangaren. Yashin nan ya ci jiragen ruwa da yawa a zamanin da, har yau akwai haƙarƙarin katakon wasu a tsaye in ruwa ya koma. Ruwan kuma in ya tashi dawowa da sauri yake zuwa a kan shimfiɗaɗɗen wuri haka, don haka kullum sai na duba jadawalin da suke liƙawa kafin in bar yara su yi nisa. Na sa ƙafa a ciki sau ɗaya, sanyin ya hau min har haƙori, na fito na bar wa masu ƙasa kayansu.

Fitar da muka yi da mota Burry Port muka je sayen burodi da madara, ɗan gari ne mai tashar jiragen ruwa da ƙaramar hasumiya fara. A nan jirgin da ya ɗauko Amelia Earhart daga Newfoundland ya sauka kan ruwa a Yunin 1928, ta zama mace ta farko da ta tsallaka Atlantika ta sama, duk da a wannan tafiyar ba ita ke tuƙi ba. Akwai dutsen tunawa a garin. Auta ta tsaya a gabansa aka ɗauke ta hoto tana shan askirim.

Karnuka ne matsalar uwargida, kusan kowane karaban akwai ɗaya ko biyu, amma doka ce a ɗaure suke, kuma da tsohon gefenmu ya lura tana kaucewa sai ya mayar da nasa ɗaya gefen ba tare da an ce masa komai ba. Daren na uku na yi gashi, na barbaɗa yaji na aika musu da faranti. Ya dawo da farantin idonsa na hawaye yana tambayar sunan abun, matarsa kuma ta aiko da wasu 'yan wainar Wales masu zabibi. Miyar kuka dai a rumfa aka ƙarasa ta, don daddawa tana shiga tukunya muka gane ɗakin nan ba zai ɗauka ba, kuma karaban ɗin aro ne.

Sallah a wannan lokacin sai da dabara, rana bata faɗuwa sai tara ta wuce, asuba kuma wajen uku, ga bango kamar kwali, in ka yi tari maƙwabci ya ji. Haka nake lallaɓawa in zuge zif ɗin rumfa a hankali kamar ɓarawo. A daren ƙarshe aka tsuge da ruwa, ina kwance ina jin sa a kan rufin, sak ruwan Agusta a kan kwano. Na juya zan yi magana naga maman yara idonta biyu. Tace kaji? Nace naji. Shekaru rabon da mu ji wannan ƙarar, gidajen nan ruwa zai kwana yana zuba baka sani ba. Da safe na kira Hajiya ta bidiyo na zagaya da ita, ta ga gado, ta ga ganga, ta ga jikanta yana jan ruwa, tace wai lafiya dai ko, ba korarku aka yi daga gidan ba? Nace hutu muka zo Hajiya. Tace to Allah ya kyauta.

Kafin sha biyu ake barin wuri. Muka naɗe rumfa a jiƙe, wanda ke nufin sai na sake shanya ta a gida, na zubar da gangunan biyu, na wanke tankin masai har sau biyar saboda kunyar mai shi, na bi takardata daga ƙasa zuwa sama. Komawa ta fi sauƙi, har 58 na taɓa. A gida muka kwashe awa biyu muna share yashi daga kowane lungu kafin in mayar masa.

Ranar Litinin ya shigo ofis da leda ya ajiye min a kan tebur, yace mun manta tukunyar shayinmu a banɗaki, matarsa ta wanke ta tas, amma tana tambaya ya ake ɗora ta a wuta tunda roba ce.